Asalin Kalmar "Equity" da Kotun da Ta Raine Ta a Ingila

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, barkanmu da yamma.

Kalmar da za mu bi sawunta yau ita ce equity, wato adalci da daidaito, wadda lauyoyi ba sa rabuwa da ita a gaban alƙali. Tushenta Latin ne, aequitas, daga aequus, wato shimfiɗaɗɗen wuri, ba tudu ba kwari. Ta ratsa ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14.

Ma'anarta ta shari'a kuwa a kotu ta samo ta. A Ingila ta wancan zamani, kotunan sarki ba sa sauraron ƙara sai ta dace da ɗaya daga cikin takardun sammaci da aka riga aka tanada. In babu wadda ta dace da matsalarka, ko kai ne mai gaskiya, haka za ka koma gida. Sai mutane suka riƙa kai kuka wurin sarki, shi kuma ya miƙa su ga Chansalo, babban jami'in sarki, wanda a farko galibi babban malamin coci ne.

Ku saurari wannan da kyau. Mutum ya jinginar da gonarsa, an yanka masa ranar biya, ya makara da kwana ɗaya tak. A doka, gona ta tafi ke nan. Kotun Chansalo ta ce a'a, an ba da gonar nan don amintar da bashi, in ya kawo kuɗin mutane da abin da ya hau kai, a mayar masa da abinsa. Wallahi a nan nake ganin darajar wannan kotu, domin ta hana mai kuɗi fakewa da rubutu ya cinye talaka.

Ba a rasa masu suka ba. John Selden, wani masanin shari'a na Ingila, ya ce hukuncinta kamar awo ne da ƙafar Chansalo, ta wani doguwa, ta wani gajeriya, kuma yana da hujja. Rikici tsakanin Kotun Chansalo da sauran kotunan sarki ya yi tsanani a shari'ar Earl na Oxford (wani basarake) a 1615, har Sarki James na Ɗaya ya goyi bayan Chansalo a 1616. Dokokin 1873 zuwa 1875 suka haɗe kotunan, da sharaɗin in an samu saɓani, equity ce a sama.

Ta hanyar mulkin mallaka ta iso Nijeriya, tare da sauran dokokin Ingila da aka karɓa. Har Turawa suka sa ta cikin ma'aunin da kotu ke gwada dokar gargajiya da shi kafin ta yarda ta yi aiki da ita, kuma ma'aunin yana nan har yau.