"Anti, ba zan warke ba ko?"

Ƙarfe biyu na dare, ke nas kina kan duti, kin zo duba ƙarin ruwan wata yarinya 'yar shekara 9 mai kansar jini, sai ta riƙo hannunki tace "Anti, ba zan warke ba ko?" Alhali da yamman nan babanta ya ja ki gefe yana hawaye yace don Allah kar kowa ya faɗa mata gaskiyar halin da take ciki. Toh me zaki ce?

Wannan bidiyon akan wannan daƙiƙar ne, don nas ce take bakin gado idan likita ya gama zagaye ya tafi, ita ake jefa wa irin wannan tambayar.

Yawanci yaron ya riga ya sani fa. Wata masaniya a Amurka, Myra Bluebond-Langner, ta zauna da yara masu kansar jini a shekarun 1970, ta gano suna fahimtar halin da suke ciki daga fuskar iyaye da canjin magani, sai dai suna yin kamar basu sani ba don kar su ɗaga hankalin manya. Kinga kenan idan kika ce "zaki warke mana" kin rufe mata ƙofa, gobe ko tsoro ya kama ta ba zata ƙara tambayarki ba.

Amma kuma ba hurumin ki bane ki zazzage mata komai a daren ke kaɗai, iyaye ne ke da ikon yanke shawara a madadinta, kuma uban nan ba mugunta yake ba, tsoro ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, sashe na 3 yace maslahar yaro ake fara dubawa, na 12 kuma yace a saurari ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Duka biyun kike ɗauke dasu.

Sai ki zauna, kar ki amsa a tsaye. Ki tambaye ta "me kika ji, me yake baki tsoro?" Sau da yawa zafin ciwo take tsoro, ko a barta ita kaɗai, kuma nan kina da amsa ta gaskiya: akwai maganin rage zafi, ba za'a barta ita ɗaya ba.

Da safe ki rubuta maganarta yadda ta faɗa, ki sanar da likita da shugabar wod ɗin, a zauna da iyayen a nuna musu ai ta fara tambaya. Idan an kasa daidaitawa akwai kwamitin ɗa'a, masu bada shawara kan irin wannan saɓanin, a asibitocin da suke dashi.

Wannan nauyin da zaki tashi duti dashi a ƙirji kuwa, wani masanin falsafa a Amurka, Andrew Jameton, ya bayyana shi tun 1984, wato kin san daidai amma an ɗaure miki hannu. Ki samu abokiyar aiki ku tattauna kafin ki koma dutin gaba.