Kwafin da ba a gwada ba, ba ajiya ba ne

Assalamu alaikum jama'a masu sauraronmu, daga Mai Wurno zuwa Gadarif, Kassala da Damazin.

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, zancen sake gina ma'aikatu ya cika gari. Za a sayo kwamfutoci, za a gyara cibiyar bayanai, za a yi sabuwar manhaja. Madalla. Abin da ba mu ji ana faɗa da babbar murya ba shi ne inda kwafi na biyu zai zauna, da wanda zai riƙe mabuɗinsa, da ranar da za a gwada shi.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke, ta same mu da kusan komai a gari guda: rajistar 'yan ƙasa, bankuna, manyan jami'o'i, kamfanonin waya. Fasfo ya tsaya watanni kafin a fara buga shi a Port Sudan. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, aka ɗora alhakin a kan dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, da ke riƙe da cibiyoyin kamfanonin a Khartum, mai kuɗi a Bankak, manhajar banki ta waya, ya wayi gari ba ya iya sayen kwanon dawa. Wanda kuma ke ganin mayar da komai Port Sudan ya wadatar, to ya tuna jirage marasa matuƙa sun kai mata hari a watan Mayun 2025. Ɗauke kaya daga ɗaki ɗaya zuwa wani ɗaki ɗaya, ina ribar?

Ma'adanar gajimare hayar kwamfutoci ce a manyan cibiyoyi da ke nesa, ana shiga ta intanet, ana biya gwargwadon abin da aka yi amfani da shi. Ƙa'idar masu aikin tsohuwa ce: kwafi 3, a kan na'urori iri 2, ɗaya daga ciki a wuri mai nisa. A wurinmu ma'anarta ɗaya a ma'aikata, ɗaya a wata jiha, ɗaya a ƙetare. Ƙetaren ma ba nisa. Wayoyin intanet na ƙarƙashin Bahar Maliya sun haɗa Port Sudan da Jidda, kuma kamfanin Oracle ya buɗe cibiyarsa ta gajimare a Jidda tun 2020. Girman kayan bai kai yadda ake tsoro ba. Shafi ɗaya da aka ɗauki hotonsa da kyau, a ce ya ci rabin megabait, shafi miliyan ɗaya ya kama gigabait 500, abin da faifai ɗaya mai shiga aljihun jallabiya zai ɗauke.

Sai a ce mana sirrin ƙasa ba ya fita waje. Haba jama'a! Sirrin da aka bari a ginin da aka fasa ƙofarsa, wane ne ya tsare shi? Majalisar Yukiren ta gyara dokarta kwanaki kaɗan kafin harin Rasha na Fabrairun 2022 don a kwashe bayanan gwamnati zuwa gajimare. Estoniya ta ƙulla yarjejeniya da Luxembourg a 2017, ta ajiye kwafin muhimman rajistocinta a can ƙarƙashin ikonta. Ana raba bayanai aji-aji, na tsaro ya zauna a gida, sauran a kulle su da lambar sirri kafin su fita, mabuɗin ya zauna hannun gwamnati, kamfanin haya ba ya ganin komai sai tarkacen haruffa. Wannan hujja ta ƙare.

Inda aikin ke lalacewa wani wuri ne daban. Ana saita na'ura ta riƙa kwafi kowane dare, faifai ya cika, kwafin ya daina tafiya, saƙon gargaɗi yana zuwa adireshin ma'aikacin da ya bar aiki, wata shida ba wanda ya lura. Ko kwafin yana nan lafiya, amma mabuɗin yana cikin kwamfutar da ta ƙone. Ko mutum ɗaya ne ya san lambar shiga, shi kuma ya yi gudun hijira zuwa Alƙahira. Ko kuma kwafin yana manne da asalin, ɓarayin intanet suka kulle su tare. Maganin duka ɗaya ne: duk bayan wata uku a ɗauko kwamfuta fanko, a ce ma'aikata ta ƙone yau, a dawo da rajistar daga kwafi, a duba agogo, a zaɓi sunaye ɗari a gwada su da takardun asali. In ya ci awa shida, an sani. In ya gagara, gara a sani yau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin da ba a gwada dawo da shi ba, ba ajiya ba ne, fata ne kawai.

Gaskiya ne gajimare na da nasa ciwon. Ana biyan hayarsa da dala, wata-wata, ranar da aka kasa biya za a rufe ƙofa. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar kuɗin shigar da bayanai, amma suna cajin fitar da su, don haka a rubuta hanyar fita a cikin kwantiragi tun farko. Kuma in layi ya ɗauke kamar na 2024, ofishin Sinnar ba zai ga Jidda ba, dole manhajarsa ta iya aiki ba intanet, ta tura abin da ta tara in layi ya dawo.

Mu Hausawa wannan magana ta fi shafarmu. Mu ne aka saba cewa mu kawo takardar uba da ta kaka kafin a ba mu lambar ɗan ƙasa. In rajista ta ɓace, wani zai kawo shaidu biyu a wuce wurin, namu sai a sake tambayarsa asalinsa. Haka takardar gona, haka takardar fili.

Kuma in an loda shara a gajimare, shara za a sauke. Ku dubi teburin magatakarda: mutum ɗaya, a takardar haihuwa Abubakar, a makaranta Abbakar, a asibiti Babikir. Ranar haihuwarsa 1 ga Janairu, kamar dubban waɗanda likita ya ƙiyasta shekarunsu. Kwamfuta za ta mayar da shi mutum uku, ko ta haɗe shi da wani Abubakar na Kosti, ta ba shi bashin da bai ci ba. Gyaran wannan yana hannun mutum: a ɗaure kowane fayil da lambar ɗan ƙasa, sunaye huɗu kowanne a gurbinsa, kwanan wata a tsari guda, mutum na biyu ya duba kafin a rufe, na'ura ta rubuta wanda ya canza abu da lokacin da ya canza.

Wannan ne ilimin da ya kamata ya shiga sakandare da kwalejojin fasaha, amma sai bitar kwana uku a otal kan ƙirƙirarriyar basira, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Yaran da suka jira har ƙarshen Disamban 2024 kafin su rubuta jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, ta 2023 sun cancanci abin da ya fi haka. Kwamfuta goma da farantin sola sun isa aji ya koyi jera bayanai a tebur, da gano sunan da ya maimaitu, da yin kwafi, da goge asalin da gangan a dawo da shi. Rajistar makarantarsu ma ta isa abin gwaji.

Don haka duk ma'aikatar da ta zo neman kuɗin sababbin kwamfutoci, Ma'aikatar Kuɗi ta tambaye ta takarda ɗaya kafin ta saki ko fam guda: ranar da ta gwada dawo da kwafinta na ƙarshe, awa nawa ya ci, da sunayen ma'aikata biyu da suka iya yin aikin in ɗaya ba ya nan.