Hoton da Zai Iya Tsayawa Gaban Alƙali: Lacca a kan Fasaha da 'Yan Gudun Hijirar Myanmar

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai da sauran mahalarta, ina yi muku barka da zuwa. An ɗora mini nauyin yin bayani a kan yadda ake amfani da hoto da na'urorin zamani wajen taimakon 'yan gudun hijirar ƙasar Myanmar, wadda aka fi sani da Burma kafin sojoji su canja mata suna a shekarar 1989. Maganata za ta tsaya ne a kan abu guda: hoto yana amfanar wanda aka zalunta idan an san wanda ya ɗauke shi, da wurin da aka ɗauka, da ranar da aka ɗauka, sannan fitar da shi bai jefa mutanen da ke cikinsa a wata sabuwar masifa ba.

Yawancinmu a nan sunan Rohingya muka sani, amma gudun hijira daga Myanmar ya daɗe kuma ya shafi ƙabilu da yawa. Tun daga 1984 'yan ƙabilar Karen suke tsallakawa ƙasar Tailan saboda yaƙin da sojoji ke yi a yankinsu, kuma har yau akwai sansanoni 9 a kan wannan iyaka, mafi girma a cikinsu shi ne Mae La. A nan ne aka fara wani aiki da ya cancanci a ambata. Ƙungiyar kare haƙƙin Karen da ake kira KHRG, wadda aka kafa a 1992, ta zaɓi ta koya wa mutanen ƙauye da kansu yadda za su ɗauki hoto, su naɗi muryar wanda abu ya shafa, su rubuta sunan ƙauye da kwanan wata, maimakon su zauna jiran baƙon ɗan jarida wanda sau da yawa ba zai taɓa isa dajin ba.

A watan Satumba na 2007, lokacin da malaman addinin Buddha suka jagoranci zanga-zanga a birnin Yangon, duniya ta ga abin da ƙaramar kyamara za ta iya yi. Ranar 27 ga watan aka harbe wani ɗan jarida ɗan ƙasar Japan mai suna Kenji Nagai a kan titi. Hukumomi suka ce harsashi ne ya kuskure ya same shi, sai ga bidiyo yana nuna soja a tsaye dab da shi, ga kuma hoton da Adrees Latif na kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ɗauka, inda Nagai ke kwance a ƙasa yana ɗaga kyamararsa. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta katse intanet a ƙasar baki ɗaya. Wanda ya katse intanet saboda hoto ya riga ya gaya mana irin tsoron da yake yi wa hoton.

Sai mu zo kan Rohingya, Musulmin jihar Rakhine, waɗanda dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar su ba su da ƙasa. Bayan harin da wata ƙungiya mai ɗauke da makamai ta kai wa ofisoshin 'yan sanda ranar 25 ga Agustan 2017, sojoji suka far wa ƙauyuka, mutane fiye da 700,000 suka tsere zuwa gundumar Cox's Bazar ta Bangladesh. An hana 'yan jarida da masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya shiga arewacin Rakhine, saboda haka aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam. Aikin yana buƙatar haƙuri ƙwarai, domin mai bincike zai ajiye hoton ƙauye na kafin rikici kusa da na bayansa, ya ƙirga rufin gidaje ɗaya bayan ɗaya, sannan ya gwada abin da ya gani da abin da 'yan gudun hijira suka faɗa game da ranar da aka sa wa garinsu wuta. Da irin wannan hanya kwamitin binciken Majalisar ya ce ƙauyuka aƙalla 392 aka lalata, wasu gaba ɗaya, wasu wani sashe. Abin da ya fi ɗaukar hankali a hotunan shi ne, a wurare da dama unguwar Rohingya ta zama toka alhali unguwar maƙwabtansu 'yan ƙabilar Rakhine tana nan daram, kuma gobara ba ta zaɓen gida haka da kanta. A farkon 2018 hotunan suka sake nuna an shiga da motocin rusau an baje wasu daga cikin ƙauyukan, wato ana share wuraren da shaidar take.

Bari in ɗan daɗe a kan ƙauyen Inn Din, domin a nan ne za ku ga amfanin hoto da farashinsa a lokaci guda. Akwai hoton maza goma 'yan Rohingya a durƙushe, an jera su a layi, akwai wani kuma da ke nuna gawarwakinsu a rami ɗaya marar zurfi. An kashe su ranar 2 ga Satumban 2017. A cikinsu akwai masunta, da masu shago, da malamin addini, da ɗalibai biyu. Wanda ya miƙa hotunan ga 'yan jarida dattijo ne mabiyin addinin Buddha daga yankin, kuma ina so ku riƙe wannan, saboda mun saba ba da labarin kamar duk wani ɗan Buddha maƙiyi ne. 'Yan jaridar Reuters biyu, Wa Lone da Kyaw Soe Oo, ba su tsaya ga hoton kaɗai ba: an nemo iyalan mamatan a sansanonin Bangladesh aka tabbatar da sunan kowannensu, an kuma ji ta bakin mutanen ƙauyen da jami'an tsaro. An kama su biyun a Disamban 2017, aka yanke musu shekara 7, suka shafe kwana fiye da 500 a tsare kafin a sake su a Mayun 2019. Sojoji 7 da aka yanke wa shekara 10 saboda kisan kuwa, ba su cika shekara guda a kurkuku ba.

Amfanin wannan tattara shaida ya bayyana a kotu, kuma abin alfahari ne cewa ƙasar Afirka ta Yamma ce ta kai ƙarar. A Nuwamban 2019 Gambiya, ƙarƙashin ministan shari'arta na lokacin Abubacarr Tambadou, tare da goyon bayan Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta gurfanar da Myanmar a Kotun Duniya da ke birnin Hague bisa zargin kisan ƙare dangi. A Janairun 2020 kotun ta umarci Myanmar ta kare Rohingya, ta kuma hana a lalata shaidu. Kotu irin wannan ba ta karɓar hoto don ya tayar da hankali. Ɗaliban hadisi da ke cikinmu sun san cewa kyawun matani ba ya wadatarwa idan isnadi ya yanke, to haka lauya yake tambayar hoto: daga wayar wa ya fito, hannun wa ya bi, an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro manhajoji irin su eyeWitness to Atrocities, wadda ƙungiyar lauyoyi ta duniya ta fitar a 2015, tana ɗaure hoto da lokaci da wurin da aka ɗauke shi ta yadda duk wani canji zai tonu.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikinmu sun ga hoton malaman Buddha tsaye a kan tarin gawarwaki ana yawo da shi a waya da sunan kisan Musulmi a Burma, alhali hoton girgizar ƙasa ce ta 2010 a yankin 'yan Tibet na ƙasar Sin, kuma malaman aikin ceto suke yi. Wanda ya tura shi yana ganin taimako ya yi, amma a gaskiya ya ba masu musun ta'asar makami ne, domin da zarar an kama ƙarya ɗaya sai su ce duk sauran ma ƙarya ne. Su ma sojojin Myanmar sun yi irin wannan: a 2018 sun wallafa littafi da hoton 'yan gudun hijirar Ruwanda a matsayin baƙin haure masu kutsowa Rakhine, sai da Reuters ta tona asirin suka nemi afuwa.

Fasahar da ta taimaka ita ce kuma ta cutar. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Facebook ya zama babbar hanyar yaɗa ƙiyayya ga Rohingya, kamfanin da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba. Akwai kuma cutarwar da ta fito daga hannun masu agaji. An yi wa 'yan gudun hijira rajista a sansanoni da hoton fuska da zanen yatsa domin katin shaida da karɓar abinci, sai ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2021 cewa bayanan sun bi ta hannun gwamnatin Bangladesh sun isa ga hukumomin Myanmar, kuma mutane da yawa ba su fahimci abin da suka amince da shi ba. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka yi rajistar da ita, ta musanta cewa ta saɓa ƙa'ida. Ra'ayina shi ne, mutumin da ke kan layin karɓar shinkafa da yara a bayansa ba shi da ikon cewa a'a, saboda haka amincewarsa ba ta ɗauke wa mai rajista nauyi.

Bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairun 2021, ɗaukar hoto a cikin Myanmar ya ƙara zama kasada. A 2023 an yanke wa mai ɗaukar hoto Sai Zaw Thaike shekara 20 bayan ya je ɗauko ɓarnar guguwar Mocha a Rakhine. A sansanonin Cox's Bazar kuwa, inda aka taƙaita intanet daga Satumban 2019 na kusan shekara guda, matasan Rohingya sun ɗauki wayoyinsu sun fara nuna rayuwarsu da kansu. Su suka ɗauki babbar gobarar Maris ta 2021 tun tana ci, su ne kuma ke ɗaukar abin da baƙo ba ya kulawa da shi, kamar yara a makarantar allo, da tela a bakin aikinsa, da matasa suna ƙwallo a fili tsakanin rumfunan gora da leda. A 2023 huɗu daga cikinsu suka sami lambar yabo ta Nansen ta yankin Asiya, wadda hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa. Bambancinsu da baƙon mai kyamara shi ne sun san wace mata ce ba za a nuna fuskarta ba saboda tana da 'yan uwa a Rakhine, kuma gobe da safe za su sake haɗuwa da ita a bakin famfo.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a ba masu tambaya dama. Wassalamu alaikum.