Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Gonar Shika

Mai Girma Minista, iyayenmu hakimai da dagatai, shugabannin makiyaya, malamai da sauran manyan baƙi, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

A madadin ma'aikatan wannan gona da maƙwabtanta manoma da makiyaya, ina yi wa Mai Girma barka da zuwa Shika, tare da godiya bisa tattakin da ya yi domin ya gane wa idonsa wurin da ya kusa cika shekara ɗari yana hidimar kiwo.

Gwamnatin mulkin mallaka ce ta buɗe gonar a 1928, a bakin hanyar Zariya zuwa Funtuwa, bayan an kafa tashar binciken noma ta Samaru a 1922. Aikinta na farko shi ne zaɓen shanun gida mafi nagarta domin a fitar da iri, musamman Bunaji, farar saniyar nan mai baƙin kunne da baƙin hanci wadda Fulani suka daɗe da sanin juriyarta. Sai dai masu aikin ba su jima ba suka fahimci abin da kowane makiyayi ya riga ya sani, wato komai kyawun iri, saniyar da ta wuni tana kiwon busasshiyar ciyawa a watan Maris ba za ta cika ƙwarya ba. Wannan ne ya sa bincike ya koma kan abinci, aka shiga gwajin gamba da wasu ciyayi dangin wake, da dabarun adana su har damina ta faɗi. A ganinmu, wannan ɓangare ne ya fi cancantar yabo, ko da yake ba shi aka fi ambata ba.

A 1962 gonar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, a 1976 kuma ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wato NAPRI. A nan aka yi ta barbarar Bunaji da shanun Turai masu yawan madara, a nan kuma aka samar da kazar ƙwai ta Shika Brown.

Mai Girma Minista, garuruwa suna ta faɗaɗa, filin kiwo kuwa yana raguwa a ko'ina. Roƙonmu shi ne a kiyaye filin wannan gona, a kuma taimaka irin ciyawa da zaɓaɓɓun bijimai su isa rugage a farashin da ƙaramin makiyayi zai iya biya.

Allah ya mai da Mai Girma da tawagarsa gida lafiya.