Komawa Ruwa da Gwiwar da ta Tsufa

(Wani ma'aikacin gashin ƙashi ne ya gabatar da wannan lacca ga 'yan fansho a Kano. An rubuto ta daga faifan murya, an rage maimaici.)

Assalamu alaikum. Iyayena maza da iyayena mata, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla.

Wa ya iya ruwa yana yaro a cikinku? A ɗaga hannu. Kun gani, kusan rabin ɗakin. To wa ya shiga ruwa cikin shekara 20 ɗin nan? Ban da wankan bokiti, Alhaji. (Dariya.) Mutum biyu.

Ni ma a kududdufin bayan unguwarmu na koya, a ɓoye, na kuma sha bulala a kai, don jan ido da furu-furun fata ba sa rufa wa yaro asiri a gaban uwarsa. Daga nan na bar ruwa kusan shekara 30. Gwiwar dama ce ta mayar da ni, bayan hatsarin babur. Ranar farko na faɗa kamar ɗan shekara 12, na yi tsallake ɗaya tak, na kama bakin tafkin iyon, irin ginannen nan na zamani, ina haki kamar wanda kare ya biyo. Kaina bai manta iyo ba ko kaɗan, huhu da kafaɗa ne suka ce ba su san zancen ba. Wanda bai taɓa iyawa ba yana shiga da tsoro, tsoron kuma ya tsare shi. Mu da muka iya a da, mu ne abin ji, domin jikin da muke tunawa daban, wanda muka zo da shi daban.

Me ya sa ruwa? Lissafi ne mai sauƙi. A ce nauyinka kilo 80 ne. In ka tsaya a ruwa iya ƙugu, ƙafafunka na ɗauke da kusan rabi, kilo 40. In ya kai ƙirji, kusan kashi ɗaya cikin uku. In ya kai wuya, abin da ya rage bai wuce kilo 8 ba. Gwiwar da ke kuka in za a tashi daga sujada, a nan sai ta samu sarari ta lanƙwashe ta miƙe ba kaya a kanta. Ga shi kuma ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, saboda haka duk takun da ka yi a ciki aiki ne ga tsoka, ba tare da ka buga ƙafa a ƙasa ba. Yana kuma matse ƙafafu, ya rage kumburi. Sai dai wannan matsin yana tura jini sama zuwa ƙirji, zuciya ta ƙara aiki. Mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai farfaɗiya, ku fara ganin likitanku tukuna.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce ruwa na warkarwa. Franklin Roosevelt na Amurka ƙafafunsa sun shanye a 1921, yana da shekara 39, likitoci suka ce shan-inna ce. A 1924 ya je wani wuri mai ruwan ɗumi da ake kira Warm Springs a jihar Jojiya, ya tarar a cikin ruwan yana iya tsayawa, yana motsa ƙafa. Ya yi ta komawa can har ƙarshen rayuwarsa. Bai sake tafiya shi kaɗai ba. Abin da ya samu shi ne ƙarfin kafaɗa da ƙirji da dogon numfashi, da su ya hau mulkin ƙasarsa a 1933. 'Yan'uwanmu masu shan-inna da ke zaune can gefe, hannuwan da kuke tura keke da su kullum sun fi na yawancinmu dacewa da iyo.

Yanzu yadda ake farawa. Mako biyu na farko ba iyo. Tafiya kawai, ruwa iya ƙirji, hannu ɗaya a bakin tafki, minti 10. Gaba, baya, gefe. Na san wani zai ce shi da ya tsallake Kogin Kaduna yana saurayi za a sa shi tatata? E, Baba, za a sa ka. Sai numfashi: a tsoma fuska a fitar da iska a cikin ruwa, a ɗago a shaƙa. Iyon kududdufi kai a sama muke yinsa, wuyan ɗan shekara 60 kuwa ba zai ɗauki wannan ba.

Iyon kwaɗo, wanda ake ware ƙafa a harba, yana murɗa cikin gwiwa. Mai amosanin gaɓɓai ko wanda aka yi wa aikin gwiwa ya bar shi. Rigingine ya fi sauƙi, hanci na waje, baya na hutawa. In kafaɗa ba ta ɗaguwa sama, a bar hannu a ƙarƙashin ruwa a riƙa fiffita shi a gefe, za a tafi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye zai ga ruwa na mirgina shi gefe guda, to shi dole wani ya shiga tare da shi, a cikin ruwan, ba a tsaye a waje yana danna waya ba.

Sai abin da ke sa manya jin kunya, wato robar da ake riƙewa don kar a nutse. Wai ta yara ce. Ku je Argungu ku kalli masunta a Matan Fada. A kan gora suke kwanciya, homa a hannu, kuma ba wanda zai ce musu ba su iya ruwa ba. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai. Ku riƙe robarku.

Wurin da na fi ganin an ji ciwo kuwa wajen fitowa ne. Ka yi minti 20 jikinka sakayau, ka kama tsani, sai kilo 80 ɗin nan su dawo maka lokaci guda, ga ƙafa ta gaji, ga santsin tayil. Kafin ka biya ko sisi, je ka duba: akwai matakala mai faɗi da ƙarfen dafawa, ko tsanin ƙarfe ne a miƙe? Akwai mai tsaron ruwa? In ka fito, zauna minti biyu kafin ka miƙe, saboda jiri.

Wani zai ce ga kogi kyauta, ga dam, ga hanyoyin ruwan Kadawa. Ina roƙonku ku haƙura. Tsargiya na nan. Ƙwayar cutar daga dodon koɗi take fitowa, ta ratsa fata kana cikin ruwa, ba sai ka sha ba. Fitsarin jinin nan da muke ɗauka alamar girma ce muna yara, ita ce, kuma ba ta duba furfura. Wanda ya san ya yi fama da ita ya je a gwada shi, akwai magani, praziquantel. Tafkin da ake sa wa sinadarin kulorin shi ne namu. Na san yawanci a otal suke, kuma da tsada. Ku haɗu ku goma ku nemi a ba ku awa ɗaya da safe ranar aiki, lokacin da ba kowa.

(Wata Hajiya ta yi tambaya a kan sutura da ciwon suga.)

Hajiya, sutura akwai: riga mai dogon hannu da wando har idon sawu da hula, na yadin da ba ya shan ruwa. Zani ko hijabi mai faɗi ne bana so, yana naɗe ƙafa, yana nauyi. Ku ma ku haɗa kanku ku nemi lokacin mata zalla, da mace mai tsaro. Batun suga kuma, kada a shiga da yunwa, a ajiye dabino a bakin tafki. A duba tafin ƙafa kafin shiga da bayan fitowa, a goge tsakanin yatsu. In akwai gyambo, ko ƙarami ne, sai ya warke. Na ji an kira la'asar, sauran tambayoyin sai mun dawo daga masallaci.