Amsoshin Tambayoyinku: Hular Kwano Ba Ta Hana Matatar Mai Kama Wuta

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanku da war haka. Daga nan birnin Yamai muke kawo muku amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan man fetur suka sauka, wasu kan haɗarinsa, wasu kan yadda mutum zai ci abinci a cikinsa, shi ya sa muka haɗa su wuri guda.

Ta farko daga wani matashi ne a unguwar Talladje, wanda ke koyon aiki a wani babban wurin ajiyar mai. Ya ce: "An ba mu hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki, kullum da safe a ja mana kunne kada mu hau sama ba igiya. A bakin ƙofa akwai allon da ake rubuta kwanakin da aka yi ba wanda ya ji ciwo. Sai kuma na ji injiniyoyi suna cewa har yanzu da sauran aiki a wajen tsaro. Wane tsaro ne kuma ya rage?"

To ƙanena, hular nan ka riƙe ta da kyau, tana kare kanka idan sifana ta faɗo daga sama. Amma abin da injiniyoyin ke nufi shi ne mai da gas su tsaya cikin bututu da tanki, inda aka ce su tsaya. Ranar da suka fita, mai hula da marar hula duk ɗaya suke. Allon da ka gani a bakin ƙofa yana ƙirga wanda ya zame da wanda ya yanke yatsa, ba ya ƙirga bututun da tsatsa ke ci ta ciki, ko ƙararrawar da ta daina kuka tun watan jiya.

A ranar 20 ga Afrilun 2010 manyan jami'ai sun sauka a dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon a tekun Meziko, cikin abin da ya kai su har da yaba wa ma'aikata kan shekara bakwai ba wanda rauni ya hana shi zuwa aiki. A daren ranar rijiyar ta yi aman gas, dandalin ya kama wuta, mutum 11 suka mutu. Kafin wannan, a ranar 23 ga Maris ɗin 2005, a matatar kamfanin mai na BP da ke Texas City a Amurka, an yi ta ɗura mai cikin wata hasumiyar tacewa mai tsawon mita hamsin da ƴan kai, alhali ma'aunin da ke nuna inda mai ya kai ƙasan hasumiyar kawai yake iya gani. Ta cika ta tumbatsa, tururin mai ya bazu a fili, ya tarar da wata mota da aka bari a kunne. Mutum 15 suka mutu, kimanin 180 suka jikkata. Waɗanda suka mutu ma ba su ne ke tafiyar da hasumiyar ba, ƴan kwangila ne da aka kafa wa ofisoshin wucin gadi dab da wurin. Masu bincike sun gano cewa kamfanin ya daɗe yana kallon alƙaluman ƙananan raunuka suna sauka yana jin daɗi, kayan aiki kuwa suna lalacewa.

Don haka gobe in ka je aiki, ka ɗaga kai daga allon ka dubi wasu abubuwa. Yaushe aka yi wa ƙararrawar cikar tanki gwaji na ƙarshe? Akwai wadda take yawan kuka har mutane suka saba suna kashe ta ba tare da sun leƙa ba? Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma a wannan aiki sabo ya kashe mutane fiye da jahilci. Ɗigon da aka ajiye wa bokiti aka ce sai an samu lokaci, shi ne tsaron da ya rage.

Wata baiwar Allah daga Tawa, wadda ɗanta ke tuƙa tankar mai tsakanin Damagaram da Yamai, ta rubuto tana cewa hankalinta ba ya kwanciya. Tambayarta: in tanka ta faɗi mai ya zube, ba wanda ya ƙyasta ashana, ina wutar ke fitowa?

Hajiya, Allah ya tsare mana shi. Ruwan fetur ba shi ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da a sanyin da ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafinmu na watan Afrilu. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ya gangara kwata da rami, ya yi nisa da inda motar ta kwanta. Kaɗan yake bukata, abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari na iska ba ya isa. Daga nan sai ƙyastu: injin babur, bokitin ƙarfe ya goga a kwalta, wayar batirin motar da ta tsinke. Mutanen Yamai ba su manta da wani dare a farkon watan Mayun 2019 ba, lokacin da tanka ta kife kusa da filin jirgin sama, jama'a suka fito da jarkoki. Fiye da mutum 55 suka mutu nan take, wasu suka cika daga baya a asibiti. A watan Oktoban 2024 irin haka ta faru a Majiya ta jihar Jigawa a Najeriya, inda mamatan suka haura 150. Ba na cikin masu zagin waɗanda suka je kwasa, wanda ya kwana da yunwa ba ya ganin tururi, jarka yake gani. Amma duk wanda ke jin muryata, in ka ga tanka a kwance, ka ja yaranka ku yi nisa ta ɓangaren da iska ke fitowa, kada ka tada babur, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Shi kuma ɗanki, ki tambaye shi abu ɗaya in ya dawo: idan zai sauke mai a gidan mai, yana maƙala wayar nan mai baki kamar na kada a jikin motar kafin ya buɗe famfo? Mai in yana gudu cikin tiyo yana tara lantarki a jikin ƙarfe, wayar ce ke zubar da shi a ƙasa. Minti ɗaya take ci, kuma ita ce direba ke fara tsallakewa in yana sauri.

Sai wani mai walda daga Madawa. Ya ce an kawo masa tankin mai da ya tsage, mai shi ya rantse an juye shi tas tun mako guda, ya kama aiki ko kuwa?

Malam, ajiye wutar nan. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin yanzu iska ta shiga ta gauraya da tururi, abin da fashewa ke nema ke nan. Kwana bakwai a rana ba ya wanke shi. Sai an wanke, an tura masa tururin ruwa ko an cika shi da ruwa, sannan a auna da na'urar gano gas. In babu na'urar, hanci ba ya maye gurbinta. Kuma kada ka tura yaron shago ciki ya leƙa. A dattin ƙasan tanki ana samun wani gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda in ya yi yawa yake kashe jin wari, mutum ya ɗauka ya tafi alhali ƙaruwa ya yi. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya faɗi da ta wanda ya shiga ceto.

Yanzu ga wasiƙar da ta fi kowacce tsawo, daga wata ɗaliba a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. A taƙaice tana son shiga harkar mai ta ɓangaren tsaro, tana tambaya wace takardar shaida za ta nema, don ta ga ana tallata kwasa-kwasai iri-iri a Facebook, wasu da kuɗi masu yawa.

Ƙanwata, ki fara sanin filin da kike son shiga. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 na gwamnatin Nijar. Ɗanyen man daga Agadem yake zuwa, can jihar Diffa, ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460. Sai babban bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, wanda aka fara lodin mansa a jirgin ruwa a 2024. Ga kuma SONIDEP, kamfanin man fetur na gwamnatin Nijar, da wuraren ajiyarsa. Duk wannan ƙarfe ne da ke kwance cikin rairayi da zafi, kuma zai yi shekaru yana neman mai duba shi. Kowa injiniyan haƙa yake son zama, amma waɗanda aikin ke nema kullum su ne masu gyaran na'urorin awo, masu lantarki, masu walda da aka jarraba aka tabbatar, da masu auna kaurin bututu su faɗi saura nawa tsatsa ta huda shi.

A ganina, ki fara da sana'a kafin takardar tsaro. Wanda bai san yadda famfo ke aiki ba, in ya zo da rigar jami'in tsaro, abin da zai iya bai wuce kama waɗanda ba su sa hula ba, kuma ma'aikata suna gane irinsa tun ranar farko. Nan Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, akwai Jami'ar Abdou Moumouni, masu hali kuma kan wuce IFP, makarantar koyon aikin man fetur a Faransa. Ki koyi karanta zanen masana'anta, wanda ke nuna kowane bututu da kowane famfo da kowane ma'auni. Takardar shaidar tsaron wurin aiki ta hukumar NEBOSH ta Ingila ana mutunta ta, haka ma sanin ISO 45001, ƙa'idar duniya ta kare lafiyar ma'aikata, amma kafin ki biya ko dala ki shiga shafin hukumar ki tabbatar cibiyar tana cikin waɗanda aka amince da su. Faransanci kaɗai ba zai kai ki ba, yawancin littattafan kayan aiki da Ingilishi suke, kuma wanda ya iya ɗan Sinanci a Agadem ba ya rasa mai nemansa. In kin samu zuwa koyon aiki, kada ki zauna a ofis mai sanyi. Ki riƙe ƙaramin littafi, ki bi tsohon ma'aikaci a zagayensa na safe, ki ga yadda yake ɗora bayan hannu a jikin famfo ya ji zafinsa, ya tsaya ya kasa kunne ga ƙarar da ta canja. Rahotannin manyan haɗurra kuma suna nan kyauta a intanet, ki karanta su kamar za ki yi jarrabawa a kansu.

Ta ƙarshe ba a sa suna ba, kuma mun fahimci dalili. Mai wasiƙar ya ce shugabansa yakan ce a fara aiki, takardar izini ta biyo baya, shi kuma yana tsoron in ya yi magana a sallame shi, ga iyali.

Ɗan'uwa, tsoronka na gaskiya ne, ba zan ce maka ba komai ba. Amma bari in ba ka labarin takardar nan. A ranar 6 ga Yulin 1988, a dandalin Piper Alpha da ke tekun arewacin Birtaniya, ma'aikatan rana sun cire bawul ɗin kariya daga wani famfo don gyara, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe na wucin gadi, ba su gama ba lokacin tashi ya yi. An rubuta takarda cewa kada a tada famfon, amma ba ta kai idon masu aikin dare ba. Da dare ɗaya famfon ya tsaya, suka duba, ba su ga abin da zai hana ba, suka tada wanda aka cire wa bawul. Mutum 167 suka mutu. Abin da ya ƙara wa wutar ƙarfi, dandalai biyu na maƙwabta sun ci gaba da turo mai da gas ta bututun da ya haɗa su, suna hango hayaƙi, domin waɗanda ke wurin ba su ga suna da ikon tsayar da aiki ba sai an ba su umarni daga tudu.

Takardar izini ita ce ke sa mutum biyu su tsaya a gaban famfo ɗaya, su ga an rufe, an sauke matsin, an auna gas, an sa kwaɗo a makunnin lantarki, makullin kuma yana aljihun wanda hannunsa ke cikin injin. In ta biyo baya, ba a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sa hannu kawai aka yi. Ba sai ka yi faɗa da shugabanka ba. Ka ce masa, ranka ya daɗe, a auna gas tukuna, ni ne zan riƙe wutar. Ka faɗa a gaban abokan aiki, ka rubuta rana da lokaci a littafin miƙa aiki. In abin ya ci gaba, akwai wakilan ma'aikata, akwai jami'in tsaro na kamfanin da ya ba da kwangilar, wanda sau da yawa bai san abin da ɗan kwangila ke yi ba, akwai kuma ofishin sufeton ƙwadago na jiharku. Ku je ku biyu ko uku, ya fi wuya a sallami mutum uku rana ɗaya.

Lokaci ya cimma mana. Akwai wasiƙu biyu daga Boukoki da Birnin Ƙonni kan tukunyar gas ta girki da tiyonta, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da sauraron sauran shirye-shiryenmu, assalamu alaikum.