Kunta Kinte da bulalar da ya sha saboda sunansa

Jama'a assalamu alaikum, yau labarin Roots na kawo muku, wato fim ɗin nan na Kunta Kinte da iyayenmu suka kalla a talabijin tun wasunmu ba a haife su ba.

Asalinsa littafi ne. Wani baƙar fatar Amurka, Alex Haley, ya fitar da shi a 1976, ya ce salsalar danginsa ya bi har ta kai shi wani ƙauye Juffure a Gambiya, mahaifar Kunta Kinte da ya ce kakan kakanninsa ne. Ko shekara bai yi ba tashar ABC ta mai da shi wasan kwaikwayo a Janairun 1977. Su masu tashar fa ɗar-ɗar suke, gani suke turawa ba za su zauna kallon labarin bayi ba, shi ya sa suka haska shi dare 8 a jere don a yi a gama. Ashe! Daren ƙarshe kusan mutum miliyan 100 ne suka zuba masa ido.

Kunta saurayi ne ɗan ƙabilar Mandinka, Musulmi, ya shiga daji neman icen da zai sassaƙa ganga aka yi caraf da shi, 1767 ke nan, aka tura shi jirgin ruwa har birnin Annapolis na Amurka aka sayar. Amma ni wurin da ya tsaya min a rai shi ne maganar suna. An raɗa masa Toby ya ce bai san zancen ba, aka ɗaure shi ana zabga masa bulala ana tambayarsa sunansa shi kuma yana ta nanata Kunta, sai da bayansa ya farfashe jini na zuba sannan ya amsa da ƙyar. Mu da muka san ragon suna da huɗubar da uba ke yi wa jariri a kunne, wallahi mun san abin da ake ƙwace masa a wurin nan. LeVar Burton da ya fito a matsayin Kunta, a lokacin ɗalibi ne ɗan shekara 19.

Littafin bai tsira daga ce-ce-ku-ce ba, masana tarihi sun yi ja da salsalar da Haley ya jero, kuma a 1978 ya biya wani marubuci Harold Courlander diyya kan zargin kwafar wasu sassa. Duk da haka a 2011 Gambiya ta cire wa tsibirin James sunan bature, inda a da ake tsare bayi, ta sa masa na Kunta Kinte.